Tallafin noma na gwamnati: yadda za ka shiga, ka karɓa, ya kuma kai gonarka

Wata safiya cikin watan Agusta na tsaya a layin karɓar taki a ƙaramar hukumarmu. A gabana akwai wani dattijo da ya baro ƙauyensu tun bayan sallar asuba, ya biya kuɗin babur, ya ƙulle kuɗin buhu biyu a aljihun 'yar ciki. Da layi ya zo kansa, ma'aikacin ya duba takarda, ya duba katinsa, ya ce, "Baba, sunan da ke nan ba shi ne a katinka ba. Ina wayar da aka turo maka saƙo?" Wayar tana Legas, a hannun ɗansa da ya tafi cin rani, don da layin yaron aka yi rajista. Dattijon ya daɗe a tsaye yana juya katin a hannunsa, sannan ya fita. Mu da muka samu ma, masararmu ta riga ta fara goyo, lokacin zuba mata taki ya wuce.

Abu biyu ke hana talaka cin amfanin tallafi, kuma duka na gan su a wannan safiyar: ko takardunsa ba su daidaita ba, ko kayan sun iso a makare. Na farko yana hannunka. Na biyu ba ya hannunka, amma akwai shirin da za ka yi don kada ya ci maka damina. Abin da ke ƙasa shi ne abin da na koya daga riƙe littafin ƙungiyarmu ta manoma.

Fara da sanin wane irin tallafi ne

Kalmar tallafi ta ruɗi mutane da yawa, domin abubuwa uku ake kira da ita. Akwai rangwame, inda gwamnati ke biyan wani kaso na farashin taki ko iri, kai ka biya saura. Akwai bashi, inda ake ba ka kayan noma ka biya bayan girbi. Akwai kuma kyauta, wadda ba ta cika zuwa ba sai bayan ambaliya ko wata annoba. Duk lokacin da aka yi sanarwa, tambayarka ta farko ita ce: wanne ne a cikin ukun nan?

Shirin GES da aka fara a 2012, zamanin Goodluck Jonathan, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, rangwame ne. Ana turo wa manomi saƙo a waya, ya je wajen dillalin da aka amince da shi, ya karɓi taki buhu 2 a kan rabin farashi, tarayya da jiha su raba sauran rabin. Adesina ya sha faɗin dalilin kawo tsarin: a ƙarƙashin tsohon rabon, kashi 11 cikin 100 na manoma kawai takin gwamnati ke isa gare su. Shirin Anchor Borrowers da Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 kuwa bashi ne daga Babban Bankin Najeriya, da kuɗin ruwa kashi 9 cikin 100. Mutane da dama sun ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa, ba su biya ba, kuma har yau wasunsu na ɗauke da wannan nauyi. Sai shirin taki na shugaban ƙasa da ya biyo bayan yarjejeniya da Maroko a ƙarshen 2016, wanda ya sauko da buhun takin kamfa zuwa naira 5,500 a wancan lokacin. Wannan bai buƙaci rajista ba, farashin ne aka sauke wa kowa. Bayan Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci a watan Yuli na 2023, aka ƙaddamar da noman alkama na rani a Jigawa a watan Nuwamba ƙarƙashin shirin NAGS-AP, da rancen Bankin Raya Afirka, kuma an koma tsarin saƙon waya da biyan rabi.

Sunaye suna canzawa tun daga shirin Ciyar da Ƙasa na Obasanjo a 1976, amma abin da ake nema a wurin manomi ya kusan zama ɗaya a 'yan shekarun nan. Shi ya sa za ka iya yin shiri tun ba a faɗi sunan sabon shirin ba.

Takardunka, tun da rani

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin nan na watannin Disamba zuwa Fabrairu ne, lokacin da hannu ya ɗan sake kuma ofisoshi ba su cika ba.

Abu huɗu za ka jera a gabanka: lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, lambar BVN ta banki, asusun banki mai aiki, da layin waya. Idan ka manta NIN ɗinka, danna *346# a layin da ka yi rajista da shi. BVN kuma *565*0#. Ana cire 'yan kuɗi kaɗan a kowanne. To, ga wurin da ake faɗuwa. Rubuta sunanka kamar yadda ya fito a kowace takarda, ka kwatanta su harafi bayan harafi. Mu Hausawa sunanmu yana yawo: a wata takarda sunan mahaifi ne a gaba, a wata an sa sunan kaka ko na gari, a nan an rubuta Muhammadu, a can Mohammed. Ranar haihuwa ma haka, banki yana da tasa, katin ɗan ƙasa yana da tasa. Idan mutum ne ke dubawa zai iya gane ka. Kwamfuta ba ta san ka ba, harafi ɗaya ya isa ta ajiye sunanka gefe. Ka zaɓi rubutun da ke kan NIN, ka je banki a daidaita BVN da shi. Gyaran yana iya ɗaukar makonni, wani lokaci da takardar rantsuwa daga kotu, don haka kada ka bari sai an yi ruwan shuka.

Layin wayar ya zama naka, da sunanka, a aljihunka. Kada ka ba da lambar ɗanka, ko ta maƙwabci, ko ta mai cajin waya. Ka riƙa sa masa kati kana kira lokaci-lokaci, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani. Idan ba ka iya karatu, ka sami yaro ɗaya amintacce a gida da zai riƙa duba maka saƙonni duk mako, kuma ka hana a goge saƙon da ba a gane ba.

Ga mata manoma, wannan ya fi muhimmanci. Yaya, ko Inna, idan gayaunarki ce, ke kike shuka gyaɗarki da riɗinki, ki yi NIN ɗinki, ki buɗe asusunki, ki mallaki layinki. Shirye-shirye da yawa suna ware wa mata kaso, amma wadda sunanta ba ya cikin takarda ba a lissafa da ita, kuma kason yakan tafi ga wasu.

Na ƙarshe, ka san girman gonarka. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo da mita 100 faɗi, wato kusan eka 2 da rabi. Yawancinmu muna kiran gona "babba" ba mu taɓa auna ta ba. Yanzu masu rajista sukan zo da waya su zagaya iyakar gona su ɗauki taswirarta. Ka je da kanka ka nuna iyaka. Kada ka ƙara girmanta don a ba ka kaya da yawa: idan bashi ne, ka ƙara wa kanka nauyi. Idan gonar haya ce ko aro ko jingina, ka samu rubutu daga mai ita da sa hannun mai unguwa.

Shiga ƙungiya, amma ka san wace

Da wuya gwamnati ta yi hulɗa da manomi shi kaɗai. Anchor Borrowers ma ta nemi manoma su haɗu daga mutum 5 zuwa 20. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Najeriya ta ce mutum 10 sun isa su yi rajista, kuma ana yin ta a sashen ƙungiyoyin gama kai na jiha, wanda ke da jami'i a mafi yawan ƙananan hukumomi. Za ku kai sunayen mambobi, dokokin ƙungiya, rahoton taron da kuka zaɓi shugabanni, da kuɗin rajista. Ku karɓi rasit. Da takardar shaida ta fito, ku buɗe asusun banki da sa hannun mutum uku, kuma kada a fitar da ko kwabo sai biyu sun sa hannu.

Shawarata ita ce ku kafa ta da mutanen da kuka san gonakinsu. Wanda kuke haɗuwa a masallaci, kuke gayya tare, kuka san halinsa a kan bashi. Ƙungiyar da wani ɗan siyasa ko ɗan birni ya kafa rana ɗaya, ya zo yana tara sunaye da hotuna da BVN, ita ce hanyar da manoman bogi ke cika takarda. Da sunanku za a karɓi kaya, ku ba ku gani ba, kuma idan bashi ne ku za a nema. Na san gidan da aka zo neman biyan bashin shinkafa alhali maigidan bai taɓa noman shinkafa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ba wani hotonsa da lambarsa a bakin kasuwa.

Ƙungiya mai rai tana taro ko babu tallafi. Ku riƙa zuba kuɗi duk mako ko duk ranar kasuwa, kamar adashi, ku rubuta a littafi. Wannan littafin shi ne shaidarku ranar da jami'i ya zo tantancewa. Bayan nan ku kai sunanku ga reshen ƙungiyar manoma ta ƙasa, AFAN, na ƙaramar hukumarku, da ƙungiyar amfanin da kuke nomawa, kamar RIFAN ga masu shinkafa.

Inda labari na gaskiya yake fitowa

Kowace jiha tana da hukumar raya aikin gona: KNARDA a Kano, JARDA a Jigawa, KTARDA a Katsina, BSADP a Bauchi, haka sauran. Malaman gona a ƙarƙashinsu suke. Sun yi ƙaranci ƙwarai, mutum ɗaya ga dubban manoma, don haka kada ka zauna jiran ya zo. Ka nemi wanda ke kula da yankinku, ka karɓi lambarsa, ku gayyace shi taron ƙungiya. Zuwa da kai ya fi aike. Sashen noma na ƙaramar hukuma, dagaci, da shirye-shiryen manoma a rediyon jiha su ne sauran ƙofofin.

Abin da ke yawo a WhatsApp da Facebook kuwa, ka yi hattara. Duk saƙon da ya ce danna nan ka cike fom ɗin tallafi, ka tura kuɗin rajista zuwa asusun wani mutum, zamba ce. Ba jami'in gwamnati ko na banki da zai nemi lambar sirrin katinka, ko lambobin da banki ya turo maka a waya. Wanda ya nemi waɗannan kuɗinka yake so. Kafin ka ba da ko naira ɗaya, kira malamin gona ka tambaye shi ko ya san da shirin.

Lissafi kafin kaya su zo

A nan nake so ka zauna da biro, domin a nan ne mutane ke yaudarar kansu.

Lambobin da ke jikin buhun kamfa suna faɗin abin da ke ciki. Buhun 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7 da rabi na kowane sinadari uku: naitirojin mai sa ganye ya yi kore, fosfaras mai ƙarfafa saiwa, da fotash mai taimakon ƙwaya. Buhun 20-10-10 yana da kilo 10 na farkon, da biyar-biyar na sauran. Yuriya kuwa naitirojin ne zalla, kashi 46 cikin 100, wato kilo 23 a buhu. Shawarar da masu bincike suka saba bayarwa ga masara a yankinmu ita ce kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfaras, 60 na fotash a hekta. Idan ka mayar da shi buhu, ya kama kusan buhu 8 na 15-15-15 da buhu 2 da rabi na yuriya. Ka ga ke nan buhu 2 irin na zamanin GES ko rubu'in hekta ba su cika ba.

Wannan ba dalilin raina tallafi ba ne. Dalili ne na sanin matsayinsa. Ƙari ne a kan shirinka, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta, kuma tun 2003 a Maputo suka amince a ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafi. Kasafin tarayyar Najeriya bai kai wannan ba. Manoma miliyoyi ne, abin da ake warewa ba zai game kowa ba ko da babu ɓarawo ɗaya a hanya. Wanda ya jingina daminarsa gaba ɗaya da takin gwamnati ya sa abincin iyalinsa cikin haɗari.

Don haka ka tsara noman da za ka iya da ƙarfinka. Tun da rani ka kai takin gida gona: kashin shanu, na awaki, na kaji, toka, sharar gida da ta ruɓe. Ka ware wani ɓangare ga wake ko gyaɗa ko waken suya, waɗanda ba sa cin taki da yawa kuma suna gyara ƙasa. Ka sayi ko buhu ɗaya ne da kuɗinka tun kafin ruwa ya sauka. Sannan ka tanadi kuɗin rabonka na tallafi daban. A ce buhu yana naira 40,000 a kasuwa, an ce ka biya rabi, kuma kasonka buhu 4 ne: kana buƙatar naira 80,000 a hannu, ban da kuɗin mota da na dako. Saƙon karɓa yakan zo da wa'adin 'yan kwanaki. Wanda ba shi da kuɗi a lokacin, ko ya rasa kasonsa, ko ya faɗa hannun mai kuɗin da zai biya masa ya kwashe kayan. Asusun ƙungiya a nan yake yin rana.

Ranar karɓa

Ku tafi tare, ku ɗauki mota ɗaya. Kowa ya riƙe wayarsa da caji, da saƙon a ciki, da takardar NIN. Ku biya inda sanarwa ta ce a biya, ku karɓi rasit mai nuna yawan buhu da farashi. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan takarda kafin ka ga kayanka a gabanka, kuma ka karanta adadin da aka rubuta. Sa hannu a kan buhu 4 a tafi da 3 tsohuwar dabara ce.

Duba buhun. Ɗinkin bakinsa ya zama na kamfani, layi ɗaya, ba alamar an farke an sake ɗinkewa. Sunan kamfani da lambobin sinadari su fito sarai. Idan akwai sikeli a kusa, ku ɗora biyu ko uku ku ga ko sun kai kilo 50. Yuriya tana da gwaji mai sauƙi: zuba cokali biyu a kofin ruwa ka motsa. Ta gaskiya tana narkewa gaba ɗaya, ruwan kuma ya yi sanyi a hannu. Idan yashi ya kwanta a ƙasan kofi, an yi algus. Wannan gwajin ba ya aiki a kan kamfa, domin ko mai kyau yana barin ɗan saura. Tun 2019 akwai dokar kula da ingancin taki a Najeriya, sayar da gurɓatacce laifi ne, amma ba za a kama kowa ba sai an kai ƙara da shaida.

Iri ma haka. Nemi tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa a jikin leda. Da yawa yanzu suna da wurin kankarewa kamar katin waya, ka tura lambar a gaya maka ko na gaskiya ne. Tambayi sunan irin da kwanakin da yake nuna. Ire-iren SAMMAZ na masara da SAMPEA na wake daga cibiyar bincike ta Samaru a Zariya suke, FARO 44 kuma shinkafa ce da masu casa suka sani. Irin da ke buƙatar doguwar damina bai dace da Daura ko Gumel ba, ko kyauta aka ba ka. Kafin ka shuka, ɗebi ƙwaya 100 ka jera a jiƙaƙƙen tsumma, ka lulluɓe, ka riƙa yayyafa ruwa har mako guda. Idan waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, ka ƙara yawan irin da za ka zuba a rami ko ka nemi wani. 'Yan'uwanmu na Borno da Yobe da Adamawa kuma su tambayi ƙa'idar da ke aiki kafin su ɗauki yuriya a mota, domin an daɗe ana taƙaita safararta a can saboda tsaro.

A bakin ƙofa za ka tarar da masu kuɗi a hannu suna cewa, "Alhaji, kawo mu hutar da kai dako." Za su ba ka fiye da abin da ka biya, ƙasa da farashin kasuwa. Ban ga laifin wanda ya bar mara lafiya a gida ba idan zuciyarsa ta karkata. Amma ka sani wannan buhun zai dawo kasuwar garinku a cikakken farashi, wataƙila kai za ka saye shi. Kuma da wannan ake kafa hujja a ce manoman yankinku ba sa buƙata. Idan matsi ne, ka ranci kuɗi a asusun ƙungiya ka bar takinka.

A gona, da kuma idan ya makara

Kamfa ana sa wa masara lokacin shuka ko cikin mako biyu da tsirowa, yuriya kuma tsakanin mako 4 zuwa 6. Kada ka watsa. Yi ɗan rami tazarar yatsu huɗu daga gindin shuka, zuba, ka rufe da ƙasa, kuma a ƙasa mai danshi bayan ka yi noma. Yuriyar da aka bari a fili rana da iska suna tafiya da ƙarfinta, ruwa mai yawa kuma ya wanke saura. Idan takin kaɗan ne, gara ka ƙosar da rabin gona da ka shafa wa duka. Masu gero da dawa su ɗauki dabarar da aka gwada a Nijar, a cibiyar bincike ta Sadore kusa da Yamai: ɗan taki cikin murfin kwalbar lemo a kowane rami lokacin shuka. Buhu ɗaya yana nisa da wannan hanya.

In kuwa ya iso bayan lokaci, kada ka zuba don kawai an ba ka. Ɗora buhunan a kan katako a ɗaki marar danshi, nesa da bango, ba a buɗe ba. Za su jira noman rani ko damina mai zuwa. A ƙungiyarmu mun mayar da wannan al'ada: takin tallafin bana shi ne na shukar baɗi. Tun da muka fara haka jinkirin rabo ya daina tayar mana da hankali.

Idan bashi ne

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kafin ka sa hannu, a karanta maka takarda da Hausa a gaban shaidu, ka sami amsar waɗannan: nawa aka ƙiyasta kuɗin kayan da za a ba ni, ya dace da farashin kasuwa? Da kuɗi zan biya ko da amfanin gona? Idan da amfani ne, wa zai yanke farashi, yaushe? Akwai kuɗin ruwa? Wanda addininsa ya hana shi wannan ya tambayi ko akwai tsarin da ba ruwa, domin akwai bankunan da ke aiki a kan haka. Ka kuma sani tun 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗin mai bashin, idan ya sa hannu a kan wannan sharaɗi.

Tambayi inshora. Hukumar inshorar noma ta NAIC tana nan tun 1987, kuma a bashin gwamnati sau da yawa ana cire kuɗinta daga cikin abin da aka rubuta maka. Mutane suna biya ba su sani ba, ambaliya ta zo kamar ta 2022 ta shafe gona, ba wanda ya kai rahoto. Karɓi lambar takardar inshorar ka ajiye a littafin ƙungiya. Ranar da ruwa ko fari ko tsutsa ta yi ɓarna, ɗauki hoto, kira malamin gona ya gani, ku rubuta sanarwa cikin kwanakin da takardar ta ƙayyade, kuma kada ka sake huɗa gonar kafin a zo dubawa.

Bayan girbi

Gwamnati tana da baki biyu da take ciyarwa, na manomi da na mai saye a birni, kuma ba koyaushe buƙatarsu ke haɗuwa ba. A watan Agusta na 2019 an rufe iyakokin ƙasa, shinkafar gida ta yi daraja. A watan Yuni na 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, sai a watan Yuli aka sanar da ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya faɗi a kasuwanni irin su Dawanau, taki kuwa bai sauko ba. Magidanci a birni ya sami sauƙi, kuma yana da haƙƙin hakan. Manomin da ya ci bashi ya noma masara zalla shi ya ji a jikinsa. A ganina ƙasar da ke son ta ciyar da kanta dole ta kula da farashin da manomi zai sayar kamar yadda take kula da na taki, in ba haka ba baɗi zai rage gona. Akwai kuma manoman Zamfara, Katsina da Sakkwato da rangwame ba zai yi musu komai ba muddin ba su iya isa gonakinsu.

Abin da ke hannunka shi ne kada ka zuba ƙarfinka a amfani ɗaya, kuma kada ka sayar da komai da kaka. Idan kai Musulmi ne kuma amfanin ya kai nisabi, fitar da zakka: ɗaya cikin goma ga na ruwan sama, ɗaya cikin ashirin ga wanda ka shayar da inji. Auna abincin gida na shekara, tiya nawa kuke ci a rana, ka ninka, ka ware shi a rumbu. Biya bashi. Abin da ya rage shi ne na kasuwa, a hankali. Wake da masara suna daɗewa ba tare da magani ba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, muddin sun bushe sosai kuma an ɗaure kowace leda daban. Ƙungiyoyi a Nijar suna da wani tsari da ya kamata mu duba: a tara hatsi a sito ɗaya da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun ƙaramin bankin da ya ba su rance a kan hatsin, sai farashi ya tashi a buɗe a sayar a biya.

Idan an cuce ku a rabo, ku rubuta. Takarda ɗaya da sunan ƙungiya, da kwanan wata, da wurin, da adadin da aka rubuta da wanda aka bayar, da kwafin rasit. Ku kai wa shugaban sashen noma na ƙaramar hukuma da ofishin shiyya na hukumar raya aikin gona, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, ku ba hakimi da ɗan majalisarku na jiha nasu. Idan shiru ya yi yawa, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a mai ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan kuɗi. Taronmu na farko a shekara a watan Janairu muke yin sa. Kowa yana zuwa da takardar NIN, da wayarsa, da rasit ɗin bara, mu bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, wanda nasa ya saɓa a haɗa shi da wanda zai raka shi banki ranar kasuwa mai zuwa.